Waiwaye: Shekaru ukun da Garwa ta manta da su a tarihin Coton Sport

Duk wanda ya saba zama teburin mai shayi a Yelwa ko a kewayen Rumde Ajiya bayan sallar isha'i ya san inda hira take ƙarewa a 'yan kwanakin nan. A fara da tsadar mai ko farashin buhun masara, kafin shayi ya huce an koma kan Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Garwa a arewacin Kamaru. Kaka biyu a jere kofin lig bai tsallako gadar Binuwai ba. A 2024 Victoria United ta Limbe ce ta ɗauke shi, a 2025 kuma Colombe. Kofin ƙasa kuwa, rabon Garwa da shi tun 2022. A wani garin wannan ba abin ɗaga murya ba ne, amma nan an saba, kuma sabo ya fi komai wuyar bari. Kowa da inda yake nuna yatsa, kuma yawancin masu magana suna yi ne kamar rufin ya faɗo a dare ɗaya. Ni dai na ga tsagar bangon tun da daɗewa, a daidai lokacin da kowa ke tafi.

Farkon labarin ba ya buƙatar dogon bayani, domin yaran makaranta ma sun haddace shi. An kafa ƙungiyar a 1986 a inuwar kamfanin auduga, ta hau rukunin farko a farkon shekarun 1990, ta ci lig na farko a 1997, ta maimaita a 1998. Kafin nan ƙwallon Kamaru ta 'yan kudu ce: Oryx da Union a Duwala, Canon da Tonnerre a Yawunde. Daga 2003 zuwa 2008 Coton Sport ta ɗauki lig sau shida ba tare da wani ya ɗanɗana ba. A 2003 ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF, Raja ta Kasablanka ta hana ta. A 2008, a gasar zakarun Afirka, ta fito daga rukunin da ke da Enyimba da TP Mazembe da Al Hilal, ta lallasa Dynamos ta Zimbabwe a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta gamu da Al Ahly: 2-0 a Alƙahira, 2-2 a Garwa. Kofin ya tafi Masar. Wannan ranar ta Nuwamba ita ce kowa yake ba 'ya'yansa labari, kuma daga nan masu waiwaye sukan yi tsalle su dira a kan rashin sa'ar yau.

Abin da suke tsallakewa shi ne 2009 da 2010 da 2011.

A ƙarshen 2009 Jacques Zoua ya tafi Basel ta Suwizalan. A 2010 Vincent Aboubakar ya sa hannu da Valenciennes ta Faransa, a shekarar da aka tafi da shi gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, shi kaɗai ne a tawagar ke taka leda a cikin gida. A 2011 Edgar Salli ya nufi Monaco. Dukansu uku yaran Garwa ne, dukansu 'yan gaba ne masu neman raga, kuma kowannensu ya bar gida yana da shekara 18. A duba wannan adadi da kyau, domin ba dacewa ce ta haɗa su ba. Dokar hukumar ƙwallon duniya ta hana a ɗauki yaro daga wata nahiya zuwa wata kafin ya cika 18, don kare ƙananan yara daga 'yan damfara, kuma doka ce mai kyau. Sai dai ga ƙungiyar da ke rainon yara, 18 ta zama kamar ranar kasuwa. Yaro ya shekara biyar ko shida yana koyon inda zai tsaya da inda zai ruga, ranar da ya fara zama abin tsoro ga masu tsaron baya ita ce ranar da jirgi ke jiransa.

Kafin 2008 ma 'yan wasa suna fita, ba sabon abu ba ne. Bambancin yana ga wanda ke fita da kuma lokacin fitarsa. A da mutum yakan yi wa ƙungiya kaka huɗu ko biyar, ya ci kofuna, ya bar wa na baya gurbi da tarbiyya, sannan ya tafi neman na kansa. Tawagar da ta kai wasan ƙarshe haka aka gina ta, da manya waɗanda suka san juna, har da baƙi daga maƙwabta irin su mai tsaron gida Kassaly Daouda da ɗan gaba Kamilou Daouda, 'yan Nijar. Wasan ƙarshen ne ya haska fitila a kan Garwa. Masu farautar 'yan wasa da a da ba sa wuce Duwala suka gane cewa akwai wata rijiya a arewa, kuma ruwanta ba tsada. Daga nan idonsu ya sauka daga kan manya ya koma kan yara.

Manomi ya san wannan hali fiye da ɗan boko. Tumu yana da daɗi, amma zangarniyar da aka gasa ba ta shiga rumbu. Kuma wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ne kaɗai yake zagin mai sayar da hatsinsa tun yana tsaye a gona.

Na faɗi haka ne domin ban ga wanda zan kama da laifi a cikin cinikin nan ba, ko da na so. A ɗauki yaron. Abin da ƙaramar ƙungiya a Turai za ta biya shi a wata ya ninka abin da zai samu a gida sau da yawa, kuma rayuwar ɗan ƙwallo gajera ce. Gwiwa ɗaya ta goce, shi ke nan. A ɗauki gidansu. Uba da ya ga hanyar da za a rufa wa iyali asiri, a kai tsohuwa Makka, a biya wa ƙanne makaranta, wa zai ce masa ya dakata har a ci kofin Afirka? A ɗauki ƙungiyar ma. Kuɗin ƙofa a lig ɗin Kamaru ba ya riƙe tawaga, ga kuma tafiya: daga Garwa zuwa Yawunde ya haura kilomita dubu, ko dai a hau jirgin sama, ko a bi mota a hau tsaunin Ngaundere a kwana a jirgin ƙasa, kuma kusan kowane wasan waje a can kudu yake. Kuɗin sayar da yaro ɗaya yana iya ɗaukar nauyin watanni. Bayan haka akwai ladan raino: duk lokacin da aka sake sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana ɗan shekara 12 har zuwa 23. Idan aka yi lissafi a takarda, yaron da ya tafi da wuri ya yi suna ya fi wanda ya zauna kawo riba. Kowa ya yi abin da hankali ya ba shi. Abin da ba ya shiga takardar lissafi shi ne abin da aka rasa: shekarun nan na tsakanin 19 da 24, lokacin da ɗan wasa yake da ƙarfi kuma ya fara wayo. Su ne ake cin kofin nahiya da su, kuma tun daga 2009 Garwa ta koma tana shuka su, wasu suna girba.

To me ya sa ba a yi kuka ba a lokacin? Saboda kofuna ba su daina zuwa ba. A 2009 Tiko United ta ƙwace lig, aka ce tuntuɓe ne, kuma kamar hakan ne, domin an dawo da shi a 2010, a 2011 ma aka haɗa lig da kofin ƙasa. Aka ƙara da 2013 da 2014 da 2015. Mutum ba ya zuwa asibiti yana cikin cin tuwo da nama. Amma ma'aunin da ake auna kai da shi ya riga ya ƙanƙance. Canon, mai kofin zakarun Afirka uku, rabonta da lig tun 2002. Tonnerre tun 1988. Waɗanda suka riƙa karɓar kofin a shekarun da ya kuɓuce wa Garwa, irin su Tiko United, Eding Sport, PWD ta Bamenda da UMS ta Loum, ba wadda ta taɓa kare shi a kaka ta gaba. Iskar da ta kwashe yaran Garwa ta kwashe na kowa, sai dai Coton Sport tana da filin horo da tsari da albashin da sauran ba su kai ba, don haka ko ta rame ta fi su ƙiba. A gida ba a ganin ramar. Sai an fita waje.

Wajen ma bai tona asiri nan take ba, kuma wannan ya ƙara rufe ido. A 2013 an sake kaiwa wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, aka sake gamuwa da Al Ahly, wasa biyu duka kunnen doki, sai a bugun fenareti aka fita. Mutane suka ce ga shi nan, har yanzu muna nan. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A tawagar Masarawan akwai Mohamed Aboutrika da Wael Gomaa, waɗanda suka buga wasan ƙarshe na 2008, shekara biyar baya, kuma tun kafin 2008 ɗin suna cikin jar riga. Mutanen da suka yi kusan shekara goma suna kallon ƙafar juna ne suka zo karawa da tawagar da aka sake ɗinkawa. A ce an kai su har fenareti abin yabo ne. Amma a shekarar Aboubakar yana Faransa yana zura ƙwallaye, Zoua ya riga ya ci lig a Suwizalan fiye da sau ɗaya. Ban ce da suna nan da an ci ba, gaibu sai Allah. Na dai san a wasan da ƙwallo ɗaya ke raba gardama, masu cin ƙwallon suna wata ƙasa. A 2014, a ƙaramar gasar nahiya, matakin bai canza ba, abokin karawar ma bai canza ba, sakamakon ma haka.

Hanyar kuwa da ta buɗe ba ta sake rufewa ba. Ambroise Oyongo ya tafi Amurka a 2014, Moumi Ngamaleu ya tafi Ostiriya a 2016, ɗan Cadi Marius Mouandilmadji ya wuce Porto a 2018. Har yara masu tasowa suka daina kallon koriyar riga a matsayin inda za a kai, ta zama tasha.

Ranar da abin ya fi fitowa fili, a wajena, ranar murna ce. Wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Afirka na 2017 a Libreville, Kamaru da Masar. Saura minti biyu a tashi Aboubakar ya tare ƙwallo da ƙirji, ya ɗaga ta bisa kan mai tsaron baya, ya narka ta a raga. Garwa ba ta yi barci ba, babura suka cika titi. A tawagar da ta ɗaga kofin nan akwai Aboubakar da Zoua da Salli da Oyongo, huɗu daga gida ɗaya. Masarawan da suka hana Garwa sakat a 2008 da 2013 da 2014, yaran Garwa ne suka kayar da su, sai dai a rigar ƙasa, kowannensu kuma da takardar albashin wata ƙungiya a ƙetare. A daren ba wanda ya tsaya yin wannan lissafi, ni ma sai da gari ya waye.

Daga nan sai saurin gangara. An ci lig a 2018, an kai wasan kusa da na ƙarshe a ƙaramar gasar nahiya a 2021, JS Kabylie ta Aljeriya ta tare hanya. Filin Rumde Ajiya ya sha gyara, ya karɓi baƙuncin gasar Afirka a farkon 2022, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi suka cika gari suna kallon Najeriya ta doke Masar, Tunisiya kuma ta kori Najeriyar. Filin ya zama na zamani, amma tun 2008 babu ƙungiyar Kamaru da ta sake buga wasan ƙarshe na nahiya, kofin nahiya na ƙarshe da ya shigo ƙasar kuwa na Union ne, a 1981.

Kakar 2022 zuwa 2023 ta haɗa komai a faifai ɗaya. Souaibou Marou, ɗan gaban da aka tafi da shi gasar duniya a Katar yana ɗan Coton Sport, ya koma Orlando Pirates a Janairun 2023. A lura da inda ya nufa: ba Faransa ba, ba Suwizalan ba, Afirka ta Kudu. Kasuwar ta matso kusa, yanzu ƙungiyoyin da ake neman kofi ɗaya da su ma suna iya saye. A Fabrairu aka fara wasannin rukuni na gasar zakarun Afirka, da Al Ahly da Mamelodi Sundowns da Al Hilal. Wasa shida, an sha kashi shida, ko maki ɗaya ba a tsira da shi ba. Ba a daɗe ba ƙungiyar ta ɗauki lig karo na 18, na uku a jere, aka zagaya gari da kofi, aka manta da Fabrairu da Maris. Masu cewa a teburin shayi abin ya lalace ne a 2024, yawancinsu suna cikin ayarin baburan da ya raka kofin nan.