Wai "kwance damara" ba shi ne sulhu ba fa

Kwanan nan duk tashar da ka kunna sai ka ji "an kwance damarar 'yan bindiga", mai gabatarwa kuma ya wuce abinsa kamar an ce zaman lafiya ya dawo. To ba haka ba ne. Sulhu da mutum biyu ake yi, kowa ya rage wani abu. Kwance damara kuwa karɓe makami ne kawai, kuma sau tari wanda ya yi galaba ne ke tsara yadda za a yi, shi ke zaɓen wa za a kwance ma wa.

Ku duba Sikotland a 1746. Ranar 16 ga Afrilu sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe 'yan tawayen Charles Edward Stuart, mai neman dawo wa danginsa da sarautar Birtaniya, a filin yaƙin Culloden, kafin shekarar ta ƙare majalisa a Landan ta fitar da dokar kwance damarar mutanen tsaunukan arewacin Sikotland, kowa ya kawo bindiga da takobi. Dama an taɓa gwada irinta a 1716, mutanen suka kwaso tsofaffin bindigogi masu tsatsa suka miƙa, na ƙwarai suna ɓoye, shi ya sa wannan karon gwamnati ta zafafa har ta wuce makami ta koma kan tufa, aka ce namiji ko yaro kar ya ƙara ɗaura zanen nan nasu na gargajiya mai gida-gida, laifin farko ɗaurin wata 6, ka sake a kai ka ƙetaren teku shekara 7. Zane fa! Amma in ka shiga sojan sarki ka ɗaura abinka, ba mai ce maka uffan. Wannan kaɗai ya ishe ni shaida cewa ba zanen ake tsoro ba, a wuyan wa biyayyarka take shi ne zancen.

Kuma dokar ba ta tantance ba, har zuri'o'in da suka yi yaƙi a ɓangaren gwamnati, irin su Campbell, ta hau kansu. Shugabannin zuri'a an ƙwace musu ikon shari'a da suka gada, masu hannu a tawaye aka ƙwace filayensu, kusan mutum 120 aka kashe bayan shari'a. Sai 1782 aka ɗage haramcin tufar.

Don Allah masu labarai, in makami aka karɓa ku ce an karɓi makami, ku faɗi guda nawa, daga hannun wa.