Waiwaye: Yadda hanya ta raya makaɗan rok, ta kuma cinye su

Duk wanda ya taɓa bin Hawan Kibo, a hanyar Jos, cikin motar da aka danƙara wa kaya ya san addu'ar da ake yi a wurin. Irin waɗannan hanyoyi ƙungiyoyin makaɗan zamani suka riƙa bi a shekarun 1970 suna zagaya Najeriya, lasifika da ganguna ɗaure a saman bas, mai jita kuma ya rungume tasa a cinya don kada gargada ta karya mata wuya.

Kiɗan rok daga Amurka da Ingila ya fito, kuma tun can yawon wasa yake cin masu shi. The Beatles sun daina shi a 1966, bayan ihun jama'a ya kai ba sa jin abin da suke kaɗawa. A 1986 bas ɗin ƙungiyar Metallica ta kife a Suwidin, mai kaɗa musu jita Cliff Burton ya mutu nan take.

A nan gida, bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne abin ya bunƙasa. Samarin gabas da suka fito daga yaƙi hannu wofi suka kama jita, garin Aba ya fitar da ƙungiyoyin The Funkees da Wings. A Legas, Ginger Baker, makaɗin gangan Ingila da ya keto Sahara a mota a 1971, ya ɗebi matasa ya yi yawon ƙasashen waje da su, uku daga cikinsu suka dawo suka kafa ƙungiyar BLO a 1972. Faifai ba ya ciyar da kowa a lokacin, sai an fita an yi wasa gari-gari. Jos kuwa zango ne mai kyau. Haƙar kuza ta tara ƙabilu, jirgin ƙasa ya iso tun zamanin Turawa, ga otal-otal da gidajen rawa, ga ma'aikata masu albashi. Garin ma yana da nasa, irin su Sahara All Stars.

Amma wanda ya hango su kan dandamali cikin wando fantalo bai ga komai ba. Galibi kayan kiɗan ba nasu ba ne, na mai otal ne ko wani hafsan soja da ya saya musu. Ran da aka ɓata da shi, ran nan ƙungiya ta watse. Kuɗin ƙofa ake rabawa, bayan an cire na mai, na direba, na masauki da na mai kaya. In ruwan sama ya hana mutane fitowa ko wuta ta ɗauke, a kwana mutum biyar ɗaki guda, wani ma cikin mota yana gadin lasifika a sanyin Jos. Makaɗan ne da kansu 'yan dako, su sauke, su haɗa waya, su yi wasa har asuba, su sake lodi. Hanyar kuma ta ci rayuka: Spud Nathan, mawaƙin Wings, a hatsarin mota ya rasu a 1974, ƙungiyar ba ta sake komawa daidai ba.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon labari ba. Makaɗanmu ma 'yan hanya ne, da ubangida da 'yan amshi da rabon abin da aka samu. Sai dai Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, ya huta da wahalar lodi, domin kuntiginsa a hannu ɗaya yake ɗaukarsa. Kuma shi ne ya ga ya dace a yi wa karen mota waƙa, yaron da kowane matafiyi ke dogara da shi ba a ko tambayar sunansa.

Daga 1986, tsarin tsuke bakin aljihu ya karya naira, kayan kiɗa suka gagari saye, masu satar kaset suka kwashe ɗan abin da ya rage. Mai kibod ɗaya ya maye gurbin mutum bakwai. A Jos sai rikicin Satumban 2001 da waɗanda suka biyo baya suka ƙara da dokar hana fita, aka raba unguwanni, dare ya mutu. Garin bai daina haihuwar mawaƙa ba, ga P-Square, ga M.I da Ice Prince, amma duk Legas suka nufa, kuma situdiyo ne ya ɗaga su. Gwanayen jita da ganga da suka rage, coci da wuraren biki ne ke riƙe da su. Abin yana min ciwo, domin ƙungiya ba ta nuna sai ta sha wasa gaban baƙin da ba su san ta ba, su kuwa yaran nan ba su samu wannan makarantar ba. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023, ga fargabar masu garkuwa da mutane, ko zuwa Abuja da kaya sai an yi lissafi.

Maƙwabtanmu na Nijar ne yanzu ke riƙe da tutar. Mdou Moctar, wanda ya goge a wasan biki, yana zagaya Turai da Amurka da jitarsa. Shi ma hanya ba ta ƙyale shi ba: yana tsakiyar yawon wasa a Amurka aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyakoki, shi da abokan kiɗansa suka maƙale a can ba halin komawa ga iyalansu.