Mene ne "ajin koyo a aikace"?

Duk wanda ya yi karatu a tsohon zauren lacca ya san fasalinsa: benci a jere an kafe su a daɓe, matakala hawa-hawa har bangon baya, malam a can ƙasa yana bayani, ɗalibai na ta kwafa. Ajin koyo a aikace ya rushe wannan tsarin. Daɓensa shimfiɗaɗɗe ne, ɗalibai na zaune rukuni-rukuni kewaye da tebur suna warware tambaya tare, malam kuma yana zagayawa tsakaninsu. Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da suka fi shahara shi ne SCALE-UP, wanda Robert Beichner ya fara a wata jami'ar jihar Karolina ta Arewa a Amurka: tebur mai da'ira, faɗinsa kamar mita 2, ɗalibai 9, an kasa su uku-uku.

Jami'o'in da aka kafa a 1975, irin su Usmanu Danfodiyo a nan Sakkwato, sun taso a zamanin da lacca ce hanyar koyarwa. Shi ya sa mayar da zauren wancan zamani sabon aji ya wuce shafa fenti da rataya majigi.

Daga daɓe ake farawa. Ko a fasa matakalar, ko a cike ta ta daidaita, kuma kafin a taɓa komai sai injiniya ya duba ko ginin zai ɗauki nauyin cikon. Idan aka ɗaga daɓe, ƙofofi da tagogi sun koma ƙasa, rufi ma ya matso. Nan ne kuɗi ke tafiya.

Sai yawan mutane. A benci, ɗalibi na cin kamar murabba'in mita 1. A kan tebur yana buƙatar fiye da 2. Zauren da ke ɗaukar 200 zai koma ɗaukar 80 zuwa 90. Sashen da bai sake jadawalin darasi ba, cikin mako biyu za a cusa kujerun roba a hanyoyin wucewa, malam ya koma tsayuwa gaban allo.

Wayoyin wuta na dā ba su san da kwamfuta 80 ba, sai an sake su. Soket ɗin cikin daɓe kuwa, ƙurar hunturu da ruwan mofa suna kashe shi, gara a zaro wutar daga bango ko ginshiƙi. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana tilasta fanka, amma ƙararta haɗe da muryar rukuni goma a ɗakin siminti da tayil tana hana jin juna. Maganinsa silin mai shanye sauti. Idan tsohon silin na asbesto ne, kada a bari lebura ya farfasa shi da guduma: ƙurarsa na illa ga huhu, a jiƙe ake cire shi, da takunkumi a fuska.