Manyan mutum-mutumin gefen hanya

Manyan mutum-mutumin gefen hanya siffofi ne na dabbobi, 'ya'yan itatuwa, mutane ko kayan aiki da ake ginawa su ninka girmansu na ainihi sau da yawa, a kafa su inda matafiyi ba zai wuce bai gan su ba. Yawancinsu talla ce ta haife su: a sa direba ya taka birki, ya sha mai, ya ci abinci, ya ɗauki hoto.

Daga cikin na farko-farko akwai giwa mai suna Lucy da James Lafferty ya gina a 1881 a Margate, jihar New Jersey ta Amurka, don jawo masu sayen filaye. Ostareliya kuwa ta mai da abin al'ada. A 1964 aka kafa wata ƙatuwar ayaba mai tsawon mita 13 a Coffs Harbour, yankin manoman ayaba, daga nan garuruwa suka shiga nuna abin da suke tinƙaho da shi. Goulburn, garin masu kiwon tumakin ulu, ya gina ragon siminti mai tsayin kusan mita 15 a 1985. Da sabuwar babbar hanya ta kauce wa garin, baƙi suka ragu, sai a 2007 aka ɗauke ragon kacokan aka kai shi kusa da ita. A Vegreville ta Kanada, jikokin 'yan Yukiren da suka yi ƙaura sun kafa ƙaton ƙwai mai zane irin na gidansu a 1975.

Inda rikiɗewar talla zuwa al'ada ta fi fitowa fili shi ne Sifaniya. Baƙin bijimin kamfanin Osborne, wanda Manolo Prieto ya zana a 1956 aka kuma kakkafa a gefen hanyoyin ƙasar, da farko tallar giya ce kawai. Dokar 1988 ta hana talla a gefen manyan hanyoyi, aka goge rubutun aka bar siffar. Da aka nemi cire bijiman baki ɗaya a 1994, jama'a suka ce ba su san zancen ba, har Kotun Ƙoli ta yanke a 1997 cewa su tsaya saboda sun zama wani ɓangare na al'ada da yanayin ƙasar. Wannan matsayi ya jawo wa bijimin maƙiya ma: a yankin Kataloniya masu neman ɓallewa daga ƙasar sun sha kayar da shi, domin a idonsu tambarin Sifaniya ne.