Kuɗin kula da yara bayan an tashi daga makaranta a biranen Amurka: daga ina suke fitowa?

Wai menene ma wannan shirin?

A Amurka makarantun gwamnati galibi suna tashi wajen ƙarfe uku, iyaye kuma sai biyar ko shida suke baro wajen aiki. Mai hali sai ya biya a kula masa da ɗansa, talaka kuwa yaronsa ko ya zauna a gida shi kaɗai ko ya yi ta gararamba a titi. To shirin shi ne a riƙe yaran a makarantar ko a wata cibiya ta unguwa, a taya su aikin da malami ya ba su, a ba su abin taɓawa, su yi wasanni ko kiɗa ko su koyi kwamfuta har iyaye su zo.

Kuɗin daga ina?

Babban kason gwamnatin tarayya yana zuwa ne ta shirin 21st Century Community Learning Centers, wanda a 1998 dala miliyan 40 kacal aka ware masa, amma a 'yan shekarun nan ya kai wajen dala biliyan 1.3 a shekara. Tun bayan dokar ilimi ta No Child Left Behind da aka sa wa hannu a 2002, kuɗin ba ya tafiya kai tsaye wa birni, jihohi ake ba, su kuma su buɗe gasa, duk mai so ya rubuto takardar neman tallafi. Ana fifita makarantun da aƙalla kashi 40 cikin ɗari na ɗalibansu 'ya'yan talakawa ne, tallafin ba ya gaza dala 50,000 a shekara, kuma na shekara uku zuwa biyar ne.

Sai kuma na jiha da na birni. A Kalifoniya jama'a ne suka kaɗa ƙuri'a a 2002 kan Proposition 49, dokar ware kuɗin jiha don irin wannan shiri, wadda Arnold Schwarzenegger ya tallata tun bai zama gwamna ba. A Los Angeles kuma magajin gari Tom Bradley ne ya kafa irin wannan shiri mai suna LA's BEST a 1988.

Ta ya ake gane ɗan talaka?

Yawanci da abincin makaranta ake aunawa. Iyalin da samunsu bai wuce kashi 130 cikin ɗari na layin talauci ba yaransu suna ci kyauta, zuwa kashi 185 kuma a yi musu rangwame.

Birnin ne da kansa ke kula da yaran?

Ba lallai ba. Sau da yawa makarantu ne ko ƙungiyoyi irin su YMCA da Boys & Girls Clubs ke yin aikin, hukuma ta riƙa duba rajistar halarta da yadda aka kashe kuɗi.

To ina matsalar take?

Ai nan ne kam. Na farko, da yawa daga tallafin nan sai ka fara kashe naka, ka kai rasit, sannan a biya ka, to ƙaramar ƙungiya wadda ba ta da ko na albashin wata biyu a asusu ta ina za ta fara? Shi ya sa manyan ke yawan cinye gasar, su da ke da ma'aikaci wanda aikinsa kenan rubuta takardun neman tallafi. Na biyu, kuɗin yana da wa'adi, yara kuwa kullum sai an tashe su daga makaranta ƙarfe uku. An ga haka da kuɗin agajin korona na 2021, inda aka ce jihohi su ware kashi ɗaya cikin ɗari na kasonsu don irin wannan shiri, aka ɗebi ma'aikata aka ƙara yara, wa'adin tsara kashe kuɗin ya cika a Satumban 2024. Ga albashin masu kula da yaran ba wani abin kirki ba, yaro na fara sabawa da mutum sai mutumin ya bar aikin.

Yana ma da amfani kuwa?

Ya danganta da abin da ake aunawa. Binciken da cibiyar bincike ta Mathematica ta yi wa gwamnati a farkon shekarun 2000 bai ga wani ci gaba sosai a makin jarabawa ba, sai dai 'yan firamare sun ce sun fi jin suna cikin aminci. A 2017 gwamnatin Trump ta nemi a soke kuɗin tarayyar gaba ɗaya, majalisa ta ƙi. Ni dai a ganina auna shi da jarabawa kaɗai rashin adalci ne, don uwar da ke aiki har shida ba maki take fara tambaya ba, tambayarta ita ce ina ɗanta yake ƙarfe huɗu.