Taswirar Cututtuka da Hotunan Tauraron Ɗan'adam

Taswirar cututtuka fanni ne na binciken lafiyar al'umma da ke haɗa bayanan marasa lafiya da wurin zamansu, don a gane inda cuta ke tsirowa da hanyar da take bi. A yau aikin ya dogara ne da hotunan tauraron ɗan'adam, da na'urar GPS mai nuna inda mutum yake a doron ƙasa, da manhajar tsara bayanan ƙasa da ake kira GIS.

Tarihi

Galibi ana jingina asalin fannin ga John Snow, wani likita ɗan Ingila. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, ta kashe sama da mutum 600. Snow ya bi gidajen da aka yi rashi yana tambayar inda suke ɗiban ruwa, ya sa alama a taswira, sai ga alamomin sun cunkushe kewaye da wani famfon tuƙa-tuƙa a titin Broad. Ma'aikatan wani gidan haɗa giya da ke nan kusa, waɗanda ba sa shan ruwan famfon, cutar ba ta taɓa su ba. A watan Satumba hukuma ta cire hannun famfon. Masana tarihi dai na cewa annobar ta riga ta fara lafawa kafin nan.

GIS ta samo asali a Kanada cikin shekarun 1960, a hannun masanin labarin ƙasa Roger Tomlinson. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko, mai ɗaukar hotunan doron ƙasa, a 1972.

Yadda ake amfani da hotunan

Hoton sama ba ya nuna ƙwayar cuta. Abin da yake nunawa shi ne tsanwar ciyayi, da kwantaccen ruwa, da zafin ƙasa, da rufin gidaje, daga nan mai bincike ke kintatar inda sauro zai hayayyafa. Da irin wannan ne masu bincike na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, suka yi gargaɗin zazzaɓin Rift Valley, wanda sauro ke yaɗawa, kafin ya ɓarke a Kenya a ƙarshen 2006. A yankin Sahel kuwa, ana bin sawun ƙurar rani saboda alaƙarta da sanƙarau.

Yaƙi da shan inna a Najeriya

A da, masu ɗiga wa yara maganin rigakafi suna aiki ne da taswirar da aka zana da hannu, sau da yawa daga abin da mutum ya tuna. Rugage da ƙananan ƙauyukan da ke kan iyakar gunduma biyu sukan faɗi a tsakani: wannan ayari na zaton na wancan ne, wancan na zaton na wannan ne. Daga wajajen 2012 aka shiga zana taswirar jihohin Arewa daga hotunan tauraro, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, sannan ma'aikata su je ƙafa da ƙafa su tabbatar da sunan kowane gari. Aka kuma riƙa ba ayari wayar salula mai GPS, wadda ke nuna inda suka taka da inda suka tsallake.

Da cutar ta sake ɓulla a Borno a watan Agustan 2016, hotunan ne suka taimaka wajen gane garuruwan da har yanzu akwai mutane a cikinsu, a wuraren da rikicin Boko Haram ya hana shiga. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga yankin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Taƙaddama

Gajimare na rufe hoto da damina. Wayar tana shaida cewa ayari ya isa ƙofar gida, ba ta shaida cewa an ɗiga wa yaro magani. Akwai kuma masu ƙorafi kan sirrin marasa lafiya, da kan wanda zai riƙe bayanan.