Ƙona Karan Gona Ba Ya Ƙara Wa Ƙasa Ƙarfi

Da an gama girbi sai hayaƙi ya turnuƙe gonaki, wai toka taki ce. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin toka na ɗauke da sinadarin fotash. Amma naitirojin, wanda saboda shi manomi ke sayen buhun yuriya da tsada, hayaƙi yake bi ya tafi. Nan ne abin ke min ciwo.

Karan da aka bari kwance yana riƙe danshi, gara ta ci shi ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Tokar kuwa iskar hunturu ce ke kwashe ta. Binciken cibiyar nazarin aikin gona ta ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, ya nuna shimfiɗa karan gero yana kare sabuwar shuka daga yashin da iska ke binne ta da shi.